Minti Huɗu na Fuskar Mama

Litinin, 3 ga wata, 10:20 na safe

Jiya na ɗauko kwalin kaset-kaset ɗin Baba daga gida. Sha ɗaya ne, ba sha biyu ba kamar yadda ya dage. Yaya ta harare ni, ta ce in ya ce sha biyu to sha biyu ne. Ita ke zaune da shi, ita ke ɗiga masa magani a ido sau huɗu a rana, saboda haka yanzu duk abin da ta faɗa ya zauna.

Abin da ya roƙa ba shi da yawa. Cewa ya yi, "Auta, tunda sana'arki ke nan, ki tattaro min fuskar Mamanku wuri guda in kalla." Bai ce kafin yaushe ba, amma babu wanda bai gane ba a ɗakin. Ranar Alhamis likita ya gaya mana inda idon ya dosa. Makonni ya ce, bai ce watanni ba. Sauran ba zan rubuta ba.

Na ce masa kwana uku. Shekara tara ina tace bidiyon mutane, daga tallar shagon takalma har taron yaye ɗalibai. Na Mama ne zai gagare ni?

Laraba, 5 ga wata, 3:45 na yamma

Injiniya ya gama juye kaset ɗin cikin faifai. Shi ne mai gyaran kwamfuta na ƙasan benenmu. Ba karatun injiniya ya yi ba, amma kira shi da wani suna ka ga ɓacin rai.

Awa goma sha ɗaya. Baba ya sayi kyamarar nan shekarar da na fara tafiya, kuma babu abin da ya tsira daga hannunsa: ƙofar gida, motar maƙwabci, kyanwa, yatsun ƙafarsa. Mama kuwa, da ya juyo kanta sai ta ɗaga faranti ta kare fuska, ko ta ba shi ƙeya. Ba sai na ji ba, na san abin da take ce masa.

Na bi su yadda nake bin kowane aiki, sauti a kashe, hoto a guje, ido kawai. Duk inda fuskarta ta fito na yanke na ajiye. Sauran na tura foldar da na sa wa suna Tarkace. Da na haɗa, minti huɗu ne da daƙiƙa goma sha ɗaya. Shekara talatin da ɗaya suna tare, abin da ya iya kamawa ke nan.

Alhamis, 6 ga wata, 8:05 na safe

Hoton duk yashi-yashi ne, launin ya koɗe, idon Mama da girarta sun haɗe wuri ɗaya. Mai lafiyar ido ma sai ya ƙura, balle. Dole in wanke shi, in ƙara masa girma yadda zai cika talabijin, in fito da gefen fuskar. Manhajar tacewar tana iya duk wannan. Na danna fitarwa, kwamfuta ta yi tunaninta ta ce awa tara da minti arba'in.

Na yi dariya ni kaɗai. Na share shagona, na goge taga, na sauka na hau ban san sau nawa ba. Fankar injin sai gurnani take. Shuɗin layin nan mai nuna inda aikin ya kai na rarrafe, in na zuba masa ido sai ya tsaya cak.

Alhamis, 6:10 na yamma

Ya fito. Yashin ya tafi, amma ya tafi da fatar Mama. Fuskar ta yi sumul kamar ta 'yar tsanar roba, har tabon haɓarta babu. Wannan ba ita ba ce. Sai an sake.

Juma'a, 7 ga wata, 7:50 na safe

Awa tara kuma.

Asabar, 8 ga wata, 1:30 na rana

Na jiya ya fito rabi yashi, rabi roba. Kowane gwaji wuni guda yake cinyewa, kuma ba na sanin na dace ko na ɓata sai rana ta yi sanyi.

Yaya ta kira, ta ce ashe kwana ukun nawa irin na tela ne. Ta ce da safe ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce wani ne ya matsar da kofin. Na ce injin ne ba ya sauri. Ta ce to.

Na sauka wurin Injiniya don in sami wanda zan sauke wa masifa. Ya saurare ni yana kwance wata firinta, ko ɗago kai bai yi ba, sannan ya ce, "Malama, ke ce kika ɗora wa ƙwaƙwalwar injin aikin da ba nata ba. Ita mutum ɗaya ce mai ilimi, ɗigo-ɗigon hoton nan kuwa miliyoyi ne. Katin hoto ake sa wa. Shi hannu dubu gare shi, kowane hannu da ɗigonsa." Na ce na san da girafik kad, ba yau aka haife ni ba, kawai ban taɓa buƙata ba ne. Ya ce ai ga shi na buƙata. Zai ciro min na cikin kwamfutar da yake wasan tseren mota da ita, ranar Litinin. Ya ce aro ne, in na ƙona masa in nemi wani benen.

Lahadi, 9 ga wata, 11:00 na safe

Shagon Injiniya a rufe. Na zo nawa duk da haka. Na zauna, na tashi, na jera wayoyi bisa tsawonsu. Gida mota ɗaya ne daga nan, minti ashirin da biyar. In je in ce me, hannu rabbana?

Litinin, 10 ga wata, 5:20 na yamma

Wuni guda a kan kati ɗaya. Tsawonsa ya kai tafin hannuna biyu, ga fanka biyu a jikinsa, ga nauyi. Ya ƙi shiga akwatin sai da Injiniya ya kwance wani ƙarfe a ciki. Da ya shiga sai wutar ta ƙi isar sa, dole aka sauya abin ba da wutar gaba ɗaya. Ƙurar da muka fitar daga cikin injin nan har kunya ta ba ni. Injiniya ya tambaye ni ko kiwo nake yi a ciki.

Da ya sauka na buɗe aikin. Na danna. Awa tara da minti ashirin.

Gefen akwatin a buɗe yake, ina kallon fankokin nan biyu, ko motsi ba sa yi. Saura ƙiris in wurga linzamin kwamfutar ta taga.

Talata, 11 ga wata, 11:15 na safe

Laifina ne. Wayar allo na mayar ramin da ta saba shiga, maimakon ramin katin. Sannan a cikin manhajar akwai wurin da ake zaɓar wanda zai yi aikin, ƙwaƙwalwa ko kati, ni kuma shekara tara ban taɓa leƙa wurin ba. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce na ɗauko ma'aikata dubu na zaunar da su a inuwa, na bar tsoho shi kaɗai yana fama. Ni dai ban yi dariya ba.

Ya sauya wayar, ya danna wuri ɗaya, fankokin suka tashi. Minti goma sha huɗu.

Minti goma sha huɗu! Ko shayina ban gama sha ba. Kuma yanzu ina taɓa launi ina ganin sauyin nan take, babu jira, babu tsayawar hoto. Na yi ta ragewa ina ƙarawa har yashin ya tafi fatar ta tsaya. Tabon haɓar ya dawo. Rabon da in ji daɗi haka tun kafin ranar likita. Na kira Yaya na ce gobe. Ta ce Allah ya kai mu, da muryar nan tata.

Laraba, 12 ga wata, 4:40 na yamma

Ban je ba. Da safe na kalla a natse, sai na ga rigarta ta wurin shanya ta fito koriya. Shuɗiya ce. Na san ta, ni na ƙona hannun rigar da dutsen guga. Na gyara, na fitar. Sai na ga hasken bayan kanta ya yi yawa. Na gyara, na fitar. Sai na ce minti huɗu ai ya yi kaɗan, mutum bai gama gyara zama ba an ƙare. Akwai dabarar rage gudun hoto, kati ya cike tsakani da kansa, waiwayenta na daƙiƙa biyu ya zama shida. Da tsohon injin ko a mafarki ba zan gwada ba. Yanzu minti sha huɗu ne kawai, me zai hana.

Sunayen da na sa musu: Ƙarshe 1, Ƙarshe 2, Ƙarshe 3, Ƙarshe na gaske. Gobe.

Alhamis, 13 ga wata, 6:00 na yamma

Ƙarshe 8. Gobe da safe.

Juma'a, 14 ga wata, 2:15 na rana

Yaya ta zo shagon. Shekara tara ba ta taɓa hawo benen nan ba, kullum ciwon gwiwa. Ta ƙi zama. Ta tsaya a bayana da jaka a hammata, ta ce in nuna mata. Na kunna Ƙarshe 9. Ta kalla har ya ƙare tana jan hanci.

Ta ce, "To mene ne ya rage?"

Na shiga yi mata bayanin inuwar gefen hagu, da yadda hannun Mama ke zama biyu in ta ɗaga faranti. Ta bar ni na kai aya.

"Makon jiya kin ce injin ne ba ya sauri. An gyara injin. Yanzu wa za a gyara?"

Na ce ba ta san aikin ba. Na ce ido mai rauni shi ya fi buƙatar hoto mai kyau, kuma ba zan kai masa abin da na san da aibi a ciki ba. Gaskiya ce kuma, ko yanzu ina kan bakana. Ta ce jiya da rana tsaka ya ce a ɗage labule, labulen kuwa a ɗage yake. Allon take kallo da ta faɗa, ba ni ba. Ta sauka a hankali tana dafa bango.

Na bi ta da cewa Lahadi. Haushinta nake ji, kuma na san ba ta yi min komai ba.

Lahadi, 16 ga wata, 12:30 na rana

Na shirya, har na sa takalmi, filashin da na zuba bidiyon a ciki yana jaka. Sai na tuna kaset na bakwai na wuce shi da gudu fiye da sauran. Na ce bari in leƙa, minti biyar. Sai ga Mama tana dariya, baki buɗe, kai a baya, daƙiƙa uku, hoton na ta girgiza don shi ma mai kyamarar dariya yake. Ta ina zan kai masa babu wannan? Tsayar da girgizar aiki ne, amma kati zai iya. Na cire takalmin.

Ban san me ya ba ta dariya ba. Da na ɗaga sautin da na sani. Hannuna ya je kan maɓallin ya dawo. Shekara shida rabona da jin muryarta, tun rasuwarta. Ba yau ba.

Litinin, 17 ga wata, 9:30 na safe

Na shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙasan hoton, irin wanda nake sa wa kowa. Sautin tsohon kaset iska ce da ƙugi, duk mai tacewa cire shi yake yi. Ƙa'idar aiki ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Masu shagon takalma sun kira sau biyu a kan tallarsu, na ce injina ne ya sami matsala. Injiniya na tsaye a ƙofa, ya zo duba zafin katinsa. Ya ɗaga gira, ya taɓa akwatin, ya koma.

Talata, 18 ga wata, 5:50 na yamma

Baba ya kira da kansa, Yaya ce ta danna masa lambar. Ya tambayi aiki, ya tambayi ko an gyara famfon benenmu, ya ba ni labarin maƙwabcin da ya sare bishiyar ƙofar gidansa. Bai ambaci bidiyon ba. Ni ce na kasa daurewa na ce saura ƙiris.

Ya ce, "Kada ki takura kanki, Auta. Abin da ya samu."

Can ya ce wai tabon haɓar Mamanku a dama yake ko a hagu, tun safe yake nema ya kasa. Na ce hagu. A lokacin ina kallonsa a allo, ya kai girman babban yatsana. Ya ce yawwa, haka shi ma ya zata.

Babu abin da ya riƙe ni in tashi in je. Na fitar da Ƙarshe 17.

Laraba, 19 ga wata, 1:05 na rana

Yaya, kira uku. Ban ɗauka ba.

Laraba, 4:20 na yamma

Da, in injin na aiki, ni ma ina da dalilin zama. Yanzu kafin in zaga ɗakin nan sau biyar ya gama, fankokin su yi tsit, a bar ni da kaina. Tsoro nake ji. Ba na son in ga yadda zai kalla.

Alhamis, 20 ga wata, 3:10 na yamma

Ranar asibiti ce. Saƙon Yaya: "Mun dawo. Ki zo da duk abin da kike da shi."

Juma'a, 21 ga wata, 6:30 na yamma

Na je. Falon na nan yadda na san shi, sai dai an kawar da ƙaramin teburin tsakiya, an naɗe dardumar an jingine. Ban tambayi dalili ba. Baba ya gane takuna tun daga ƙofa, ya miƙo hannu, ɗan nesa da inda nake. Na matsa na kai kaina wurin hannun.

Na haɗa da talabijin. Yaya ta jawo kujerarsa gaba har gwiwarsa na taɓa teburin, ta saki labule don hasken allon ya fito. Ya gyara hula, ya gyara zama. Na kunna Ƙarshe 21. Minti bakwai, shuɗiyar riga, tabo a hagu, dariyar nan a tsaye ba girgiza. Tunda na fara sana'ar nan ban yi aikin da ya kai shi ba.

Ni Baba nake kallo. Fuskarsa na gefen talabijin, wajen da agogon bango yake. Da hoton ya ƙare allo ya yi baƙi, bai motsa ba. Tsayawar kiɗan ce ta gaya masa an gama.

Ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Yaya ce ta ce amin. Can ya tambayi kiɗan na waye. Na ce nawa ne, haka ake sawa. Ya gyaɗa kai.

"Ita ba ta ce komai ba ke nan? Na san ta da magana."

Yaya ta juyo ta kalle ni. Ba fushi na gani ba, da shi ne da ya fi min sauƙi. Na naɗe wayoyina na ce ina da aiki a shago.

Da a ce na kai masa shi ranar sha ɗaya ga wata, da koriyar rigar da komai, da ya gani. Ga shi na rubuta. Da ya gani.

Asabar, 22 ga wata, 11:40 na safe

Na buɗe Tarkace. Na sa abin kunne. Na ɗaga sautin.

Tana ko'ina. A wurin ƙofar gida tana aiken Yaya sayo sabulu, tana maimaita mata kada ta tsaya wasa. A wurin motar maƙwabci tana cewa Malam, ka shigo, mutane za su ɗauka ɓarawo ne kai. A wurin kyanwa tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta ɓata baitin, ta yi tsaki, ta sake. Dariyar kaset na bakwai, ashe ni ce na faɗa cikin bokitin wanki. Awa goma da wani abu, ina ta yankewa ina zubarwa don babu fuska.

Na yi kuka har Injiniya ya hawo. Ya tsaya a ƙofa, ya ga ba matsalar inji ba ce, ya ja min ƙofar ya sauka.

Babu abin da zan gyara. Kwafa kawai na yi zuwa filashi, yadda suke, da iskarsu da ƙuginsu. Fankokin katin ko juyawa ba su yi ba.

Asabar, 6:45 na yamma

Na tarar Yaya na fama da shi a kan abincin rana. Kwanon na gefensa ya huce, ya ce ba ya jin yunwa. Tun jiya haka yake, in ji ta. Ban yi dogon bayani ba. Na ce Baba, na kawo sauran.

Wanda ya fara zuwa hannu na kunna. Wani wuri ne da ya ajiye kyamarar a kan tebur ya manta bai kashe ba, minti arba'in silin kawai ake gani da gefen fanka. Ƙarar faranti, ruwa na zuba, Yaya tana ƙarama tana ƙorafin na ɓoye mata fensir. Baba ya sunkuyar da kai, ya juya kunnensa na dama wajen talabijin. Ya ce wannan murfin lanƙwasasshiyar tukunyar nan ne, ba ya zama sai an buga shi. Ya ce wannan takunta ne, silifas ɗin ya fi ƙarfin ƙafarta.

Sai muryar ta zo kusa, kamar daga bayan kujerarsa.

"Malam, ka bar abin nan ka zo ka ci abinci kafin ya huce. Ni ba zan sake ɗumamawa ba."

Kafin Baban cikin kaset ya amsa, na kan kujera ya riga shi.

"Ga ni nan," ya ce. "Ga ni nan zuwa."

Yaya ta toshe baki da mayafi ta fita. Shi kuma ya laluba har ya sami gefen kwanon, ya jawo shi kan cinyarsa. Na sa masa cokalin a hannu. Ya ce kada in tsayar, in bar ta ta ci gaba.

Na zauna a ƙasa, jikin kujerarsa. Saura minti talatin da ɗaya a wannan, bayansa akwai kaset goma.